Anti, komai sai in fassara shi da sharri, wai haka aka halicce ni ko zan iya canzawa?

Ga tambayar da wata 'yar uwa ta turo min, na ɗan taƙaita ta don doguwa ce sosai: "Salam Anti, dan Allah ki taimaka min na gaji da kaina. Shekarata 29, aurena shekara huɗu, yara biyu. Maigida ya shigo bai sakar min fuska ba sai in ce wani laifin na yi, ko kuma wata ce ta ɗauke masa hankali a waje. Ƙawata ta buɗe saƙona bata amsa ba sai in ce ta raina ni. Dangin miji suna hira su kwashe da dariya sai in ce da ni suke. Na kalli bidiyon masu ƙarfafa gwiwa har datana ya ƙare, na yi ta tsayawa gaban madubi ina cewa ni mai sa'a ce, kowa yana sona, kwana uku na koma 'yar gidan jiya. Mamana tace haka nake tun ina yarinya, hali zanen dutse. Da gaske ba zan canza ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh da farko dai ki ja numfashi, don wallahi a shekarun da na yi ina zama da mutane a ɗakin ba da shawara kan damuwa da zaman iyali, irin wannan koken na ji shi har ban san adadi ba, daga mata da maza, har da manyan alhazai da za ki gani da babbar riga ki rantse babu abin da ke damunsu a duniya. Kuma yadda kika iya zama kika lissafo abin da kike yi ɗaya bayan ɗaya, ni a wajena kin fi da yawa daga cikin masu zuwa min, don mafi yawansu suna zuwa ne su faɗa min laifin miji da laifin uwar miji da laifin faccala, sai mun yi zama uku ko huɗu kafin mutum ya fara zargin cewa ko dai fassarar tasa ce ke da matsala.

Maganar Mama akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Ke uwa ce kin sani, yara biyu ciki ɗaya, wani tun yana goye ƙofa ta buga sai ya firgita ya tsala ihu, wani kuma ko tukunya ce ta faɗi kallo kawai zai bi ta da shi. Saurin jin abu a rai, eh, ana iya haihuwar mutum da shi, kuma ba na miki alkawarin wata rana za ki zama irin mutanen nan da ko a jikinsu. Bana ma so ki zama haka, don masu saurin jin abu su ne ke fara lura yaro ba shi da lafiya tun kafin zazzaɓi ya fito. Amma fassarar da kike ɗorawa a kan abin da kika ji, wannan koyonta aka yi, an maimaita ta sau dubu har ta zama sabo, sabo kuwa turken wawa ne, ana iya tuge shi.

Bari in fara da madubin nan, don kar ki ɗauka ke ce kika gaza. A 2009 wata malama a Jami'ar Waterloo da ke Kanada, Joanne Wood, ita da abokan aikinta sun gwada ainihin abin da kika yi. Suka sa ɗalibai suna maimaita wa kansu cewa su mutane ne abin so. Waɗanda dama suna ganin kansu da daraja sun ɗan ji daɗi kaɗan, amma waɗanda ke raina kansu, wato waɗanda aka ce abin zai taimaka wa, sai suka ƙara jin ba daɗi fiye da waɗanda ba su faɗi komai ba. Dalilin a fili yake, kina cewa "kowa yana sona" zuciyarki tana ce miki ƙarya kike, kin manta kallon da Anti wance ta miki ranar suna? Sai ta shiga jero miki hujjoji. Kinga kin je neman magani kin tono ciwo. Shi ya sa ni waɗannan masu bidiyon da ke cewa ki yi tunanin alheri kawai arziki zai biyo ki, bana ɗaukarsu da muhimmanci, wasunsu ma kwas suke son sayar miki a ƙarshen bidiyon. Zuciya ba yarinya bace da za a yi mata wayo da alewa. Abin da take karɓa shine maganar da ta fi tata gaskiya.

Yanzu mu zo kan ainihin matsalar, kuma a nan zan daɗe.

Mu ɗauki daren jiya ko shekaranjiya. Bayan isha'i kin ji ƙarar mashin ko mota, ya turo ƙofa, kin ce sannu da zuwa, ya ce yauwa ba tare da ya kalle ki ba, ya cire takalmi ya zauna ya ciro waya. Kin kawo kula kin buɗe, tuwon shinkafa miyar taushe da kika ɓata yamma guda a kanta, ya yi loma huɗu ya wanke hannu. Iyakar abin da ya faru kenan. Da an saka kyamara a falon, abin da za ta ɗauka kenan, mutum ya shigo, ya ce yauwa, ya ci loma huɗu. Amma kafin ki mayar da kular kicin zuciyarki ta riga ta gama shari'a ta yanke hukunci: ya ci a wani waje, wajen wa, wato maganar ƙarin auren nan da ƙanwarsa ta yi da wasa ranar nan ashe ba wasa bane, dama tunda na haihu na biyu ya daina kallona, ni kam ban taɓa sa'a ba a rayuwa. Cikin minti biyu an tashi daga loma huɗu an kai ga "ban taɓa sa'a ba a rayuwa". Sai ki shiga ɗaki ki juya baya. Shi kuma da wataƙila wani ne ya riƙe masa kuɗi a kasuwa, ko oga ya yi masa faɗa gaban yaransa, ko ƙwannafi ne kawai ke damunsa, ya shigo ya tarar an juya masa baya, sai shi ma tasa zuciyar ta fara nata aikin: kullum haka take, mutum ya dawo a gajiye ba zai samu sakin fuska ba. Da safe kowa na kumbure, kuma abin haushin, kumburin nasa na safe sai ya zama miki shaida cewa zatonki na jiya gaskiya ne.

Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Aaron Beck, ya bi diddigin wannan abu da kyau a shekarun 1960 a Jami'ar Fensilbaniya. Ya lura marasa lafiyarsa masu ciwon damuwa akwai wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da sauri kamar walƙiya tsakanin abin da ya faru da ɓacin ran da ya biyo baya, saurinsu ya sa mutum baya ma lura da su, sai ya ɗauka abin da ya faru ne kai tsaye ya ɓata masa rai. Daga nan ya gina hanyar magani ta zama da mutum ana kamo waɗannan tunanin ana bincikarsu ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau tana cikin hanyoyin da aka fi gwadawa aka ga suna aiki a kan damuwa da fargaba. Mutumin ya rasu a 2021 yana da shekara 100. Cikin karkatattun tunanin da shi da ɗalibansa suka lissafa, uku na gani ƙarara a saƙonki. Akwai duba, wato ki zauna ki karanta abin da ke zuciyar wani kamar an buɗe miki ita. Akwai jawo komai kanki, an yi dariya a tsakar gida to da ke ake. Sai kuma "kullum" da "ban taɓa ba", abu ya faru sau biyu ya zama dokar rayuwa.

Nasan za ki ce min ai Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Sun faɗa, kuma ni wannan karin maganar ta kashe aure da yawa a ganina. Fuska za ta iya gaya miki cewa akwai damuwa, wannan gaskiya ne. Amma ba za ta gaya miki damuwar mece ce ba, kuma ba za ta gaya miki ke ce sanadi ba. Fuskar wanda ake bi bashi da ta wanda haƙori ke ciwo da ta wanda ke fushi da matarsa duk iri ɗaya ce.

Ni kaina da nake miki wannan bayanin ban tsira ba fa. Akwai wata aminiyata tun ta makaranta, na tura mata saƙo kan wata hidima tawa, na ga alamar ta buɗe, kwana biyu shiru, har na ga ta hau onlayin da dare. Wallahi sai da na tsara irin maganar da zan yaɓa mata, har da tuno wani abu da ta min shekara shida da suka wuce. Rana ta uku na daure na kira, sai na ji muryarta a dishe, ashe tana asibiti da ɗanta an kwantar da shi, hawan da take yi da dare 'yan uwa take sanar wa. Kunyar da na ji ranar har yanzu in na tuna sai na runtse ido. Kuma ki lura da wani abu da duk muke yi, in ni ce ban amsa saƙo ba, ai uzuri ne, hidima ta min yawa, caji ya ƙare. In wata ce bata amsa nawa ba, wulaƙanci ne da girman kai. Kanmu muna yi masa shari'a da uzuri, mutane kuma muna yi musu da hali.

Me ya sa zuciya ta fi saurin tafiya wajen sharri? Saboda aikinta na farko tsaro ne. Wanda ya ga igiya ya zaci maciji ya yi tsalle, asararsa 'yar kunya ce. Wanda ya ga maciji ya zaci igiya, sai dai a yi gaisuwa. Don haka ƙwaƙwalwar kowa ta fi riƙe abu mara daɗi, mutum goma su yaba ɗinkinki a gidan biki, mutum ɗaya ta ce ai wannan yayin ya wuce, da maganar wa za ki kwana? In kuma aka haɗa da cewa mutum ya taso a gidan da ake yawan faɗa ko gori, ko an taɓa cin amanarsa, to abin ya ninku, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Baki faɗa min yadda kika taso ba, amma ki tambayi kanki wa kika fara koyon karanta fuskarsa tun kina ƙarama don ki san ko yau lafiya za a kwana. Sau da yawa a nan ake samo bakin zaren.

Toh me za ki yi. Ki sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, mai falle ashirin ɗin nan ya isa, kar ki yi a waya don waya za ta ja ki wani wajen. Duk ranar da ranki ya ɓaci, in kin samu natsuwa, ki raba shafi biyu. Gefe ɗaya ki rubuta abin da ido ya gani kunne ya ji kawai, kamar mai ba da shaida gaban alƙali: ya ce yauwa, ya ci loma huɗu. Ɗaya gefen ki rubuta abin da zuciya ta ce. Satin farko kar ki yi gardama da komai, rarrabewar kawai nake so ki iya, don za ki sha mamakin yadda za ki rinƙa rubuta "ya share ni" a gefen shaida, alhali "ya share ni" fassara ce, abin da ya faru shine bai ɗago kai ba. A sati na biyu sai ki fara yi wa kowace fassara tambaya. Mece ce hujjata, wadda zan iya faɗa a gaban mutane ba tare da na ji kunya ba? Wane dalili biyu ko uku ne kuma zai iya jawo wannan abin, wanda babu ni a ciki? Sannan da ƙanwata ce ta zo min da wannan labarin, me zan ce mata? Wannan ta ƙarshen tana aiki sosai, don mun iya yi wa wasu adalci fiye da kanmu. Abin da za ki fito da shi a ƙarshe ba "mijina yana matuƙar sona, komai lafiya" bane, wannan madubi ne aka sake komawa. Abin da za ki fito da shi shine irin "yau ya dawo a gajiye, ban san dalili ba tukuna, shekaranjiya lafiya muka yi hira har ya yi wa yara wasa, zan tambaye shi in ya huta." Wannan zuciya za ta karɓa, don babu ƙarya a ciki.

Kuma kar ki ɗauka wannan duk fasahar Turawa ce. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ɗalibin masanin falsafa al-Kindi, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai tare, kuma cikin shawarwarinsa akwai cewa kamar yadda mai lafiya ke ajiye magani a gida saboda ranar da ciwo zai zo ba shiri, haka ya kamata mutum ya tanadi lafiyayyun tunani tun yana cikin natsuwa, don ya ciro su ranar da fushi ko tsoro ya taso. Wannan shawarar ina ba kusan duk wanda ya zauna gabana. A bayan littafin naki ki rubuta abu biyar da kika tabbatar da su game da maigida lokacin da kuke lafiya, abubuwan da ya yi da hannunsa, kamar daren da ya kwana a tsaye a asibiti ranar haihuwarki in ya yi hakan, ko yadda yake zuwa gaida Mama ba sai kin roƙa ba. Ranar da zuciya ta fara shari'arta sai ki buɗe, don a lokacin fushi ƙwaƙwalwa ɓoye irin waɗannan fayil ɗin take yi.

Ni ba malamar addini bace, amma akwai abin da ke burge ni a aya ta 12 cikin Suratul Hujurat. An ce a nisanci da yawa daga zato don sashen zato zunubi ne, sai aka biyo da hana bin diddigin asirin mutane, sai aka biyo da hana gulma. Ki duba jerin, haka abin yake tafiya a gidajenmu sak: zato ya fara, sai a ɗauki wayarsa yana wanka ana bincike, sai a kira ƙawa a zazzage mata. Sai dai kar wannan ya zama sabuwar bulalar da za ki rinƙa dukan kanki da ita, ki ce ga shi kuma ina ta kwasar zunubi. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ba ko su furta. Faɗowar tunanin ba a hannunki yake ba. Zaman da za ki yi da shi ki ba shi tabarma ki kawo masa shayi, wannan ne naki.

Sai magana da shi maigidan, don rabin zato tambaya ɗaya ke kashe shi, amma yadda ake tambayar shine komai. John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka ya shafe shekaru da dama yana ɗaukar ma'aurata a bidiyo suna tattauna matsalolinsu sannan ya bi su shekaru ya ga su wa suka rabu su wa suka zauna. Ma'auratan Amurka ya bincika, don haka ba komai nasa nake ɗauka in kawo gidan Bahaushe ba, amma abu biyu zuwa uku na gwada su a nan na ga suna ci. Ya ga yadda aka buɗe magana a 'yan mintunan farko yawanci shi ke nuna yadda za ta ƙare. "Wai kai me na maka ne kullum sai ka shigo kana ɗaure min fuska" da "Abban Ummi na ga kamar yau an gaji, Allah dai ya sa lafiya", duk tambaya ɗaya ce, amma ta farko sammaci ce, mutum kare kansa zai fara. Ya kuma ga cewa ma'auratan da ke daɗewa ba wai basa faɗa bane, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, sai dai ko a cikin saɓanin, kyakkyawar mu'amala tana ninka mara daɗi kamar sau 5, ɗan murmushi, ɗan "haka ne kam", ɗan zolaya. Kuma cikin halaye huɗu da ya ce suna rusa aure, wato suka, raini, kare kai da yin gum, raini ya fi kowanne illa, irin tsakin nan da taɓe baki da harara. In kin ji ƙirjinki na bugawa fuska ta ɗau zafi, ki bar maganar, a ba shi aƙalla minti 20 jiki ya sauka, ki yi alwala, ki zauna in a tsaye kike kamar yadda aka koyar da mu. Kuma dan Allah ba a bakin ƙofa ba, ba yana cire takalmi ba. Ki bari ya ci ya sha ruwa.

In ya ce "ba komai", ki karɓa a haka a ranar. Mazanmu da yawa ba a koya musu faɗin damuwa ba, tun suna yara ake ce musu namiji baya kuka, "ba komai" ɗinsu sau da yawa ma'anarta "ban iya faɗa ba". Ki ce to Allah ya kawo sauƙi, ki ci gaba da harkarki da sakin fuska. Na sha ganin sai bayan kwana biyu mutum ya buɗe baki da kansa, ana cikin wata hirar daban.

Dangin miji da ƙawaye ba zan ja ba, ƙa'idar ɗaya ce. In sun yi dariya ki matsa kusa ki ce a bani in sha nima, mafi yawan lokaci za ki tarar labarin wani ne can daban. Sitatus kuma, ki daina karanta shi kamar wasiƙar da aka rubuto miki. Mace ta saka "Allah ka raba mu da munafukai", mutum ɗari biyu ke da lambarta, ke kaɗai kika tsargu. In akwai wadda sitatus ɗinta kullum sai ya tsaya miki a rai, ki rufe nata, ba faɗa ba gaba. Kuma wayar nan ki ajiye ta nesa da gado, don ƙarfe ɗayan dare babu wani tunanin kirki da ke zuwa wa mai gajiya, rashin barci kansa yana ƙara wa mutum saurin fushi da baƙin zato washegari.

Akwai abin da dole in faɗa da babbar murya saboda masu karantawa, ba ke kaɗai ba. Kyautata zato ba shine ki rufe ido ba. Duk wannan bayanin ina yi ne a kan inda babu hujja sai fassara. In mutum yana dukanki, ko yana zaginki da iyayenki, ko ya bar ki da yara babu abinci alhali yana da shi, ko kin ga abu ƙuru-ƙuru da idonki, wannan yana gefen shaida ne a littafin, babu wani gyaran tunani da zai goge shi, kuma duk wanda ya ce miki ki yi tunani mai kyau kawai ya cuce ki. Nan magabata ake nema, waliyyinki da nasa, in ta kama a je gaban hukuma a je. Ina jin takaicin yadda muke cusa wa mata kalmar haƙuri a kan komai. Haƙurin da na sani shine ki riƙe kanki kar fushi ya sa ki yi abin da za ki yi nadama, kina kuma neman gyara. Haɗiye baƙin ciki shekara goma har hawan jini ya kama mutum, ni ban san sunan wannan ba amma na ga inda yake kai mata. Littafin nan ma amfaninsa biyu ne, wata in ta rubuta sai ta ga ashe duk zato ne, wata kuma sai ta ga gefen shaida ya cika maƙil, ashe shekaru take ƙaryata idonta.

Kin ce kwana uku kika koma 'yar gidan jiya. Kwana uku ai ko lalle bai gama kama hannu ya saki ba. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ta bi mutum 96 da ke ƙoƙarin mayar da wani ƙaramin abu sabo, irin shan ruwa bayan karin kumallo ko ɗan motsa jiki, ta ga a tsaka-tsaki sai da aka kai wajen kwana 66 kafin abin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu lissafi ya nuna sai sun kai 254. Kuma tsallake rana ɗaya bai rusa musu komai ba. Wannan fa ƙananan abubuwa kenan, balle fassarar da kika shekara ashirin kina yi. Alamar ci gaba ta farko ba wai tunanin zai daina zuwa bane, zai zo, sai dai da kina gano shi bayan kwana biyu kuna gaba, sai ki fara gano shi bayan awa biyu, wata rana kuma kina tsaye da kular a hannu za ki ji kin ce a ranki, au, ga shi nan ya fara.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ki amsa min. Baki faɗi watan ƙaramin yaronki nawa ba, kuma baki ce ko abin ya ƙaru bayan haihuwar nan ba. Ina tambaya ne saboda akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa, ana ɗaukarsa a matsayin baƙin hali ko a ce iska ce, alhali ciwo ne mai magani. In kin kai sati biyu kusan kullum ranki a ɓace, abin da da kike jin daɗinsa ya fita a ranki, barci ya lalace ko da yaro ya yi barci, abinci baya shiga, kuka ba dalili, to littafi kaɗai ba zai isa ba, ki ga likita. In kuma har tunanin gara mutuwa ko na cutar da kanki ko yaron yana zuwa miki, yau ɗin nan za ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi a kai ki asibiti, ba gobe ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Nasan sunan Dawanau kaɗai yana sa mutane su ja baya, amma mafi yawan masu zuwa irin wuraren nan da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su karɓi magani ko shawara su koma gida su ɗora girki. Addu'a da azkar ki riƙe su, basa karo da ganin likita. In kin je ki roƙa a duba miki jini ma, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod suna kawo kasala da faɗuwar gaba da saurin fushi, kuma mai shayarwa da ta haihu biyu kusa da kusa ba abin mamaki bane a samu jininta ya yi ƙasa.

Ki fara littafin daren yau, ki yi sati biyu, sannan ki turo min abu uku daga gefen shaida da abin da zuciya ta ce a kan kowanne, ki cire sunaye. Ki haɗo min da watannin yaron da kuma awa nawa kike samu na barci.